Abin Da Ke Rataye A Ƙarƙashin Fiffike

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Hausa bayan girbi ya san motar kara. Yara kan sami karan dawa su fere, su yayyanka totuwar, su haɗa da tsinke, kafin ka ankara sai ga babbar mota har da tayoyi da lamba. Mu kuwa a Kudu da gwangwanin madara da waya da murfin kwalba muke yin tamu. Wannan wasa shi ne Turawa da mutanen Japan suka mayar da shi sana'a, har kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suke sayar da sassan jirgin sama na roba a cikin kwali, mutum ya haɗa da gam, ya shafa fenti, ya sami ƙaramin jirgi mai kama da na gaske. Kowane kwali yana da ma'auninsa. Idan aka rubuta 1/48, ana nufin an rage girman jirgin sau 48, idan kuma 1/72 ne, sau 72.

Ni ba Bahaushe ba ne, a aji na koyi Hausa, amma wannan wasa a gida na gaje shi. Ƙanen mahaifina mai gyaran rediyo ne, shi ya fara tsinto irin waɗannan kwalaye a cikin kayan gwanjo, shi ya koya mini riƙe reza da buroshi. Zuwa yanzu na haɗa jirage bakwai, kuma dukkansu irin waɗanda aka ƙera don kai hari a ƙasa ne, wato masu saukowa kusa su harbi tanka ko gada ko filin jirgi. Dalilina shi ne, irin wannan jirgi ba a gane labarinsa sai an leƙa ƙarƙashin fikafikansa. Kamfani kan zuba maka bama-bamai na yau da kullum a cikin kwali, amma idan ka bi tsofaffin hotuna za ka tarar an rataya wa jirage abubuwan da wanda ya zana su bai taɓa mafarki ba. A karatun da na yi, na lura irin waɗannan kaya sun kasu uku: akwai na buƙata, akwai na barkwanci, akwai kuma na rashi.

Kayan da buƙata ta kawo

Jirgin da ya fi kowane suna a wannan fage shi ne Skyraider na Amurka, wanda kamfanin Douglas ya ƙera, ya fara tashi a 1945. Farfela ɗaya gare shi, amma yana da marataya 15, bakwai a kowane fiffike, ɗaya a ƙarƙashin ciki, kuma yana iya ɗaukar kaya kimanin kilo 3,600. Faransa ma ta yi yaƙi da shi a Aljeriya da Chadi, daga baya ta bar wa sojan Chadi wasu.

A lokacin yaƙin Koriya, sojojin Sin sun riƙe madatsar ruwa ta Hwachon. Wanda ke riƙe da ƙofofin madatsar shi ke da iko da kogin Pukhan: in ya so ya saki ruwa ya kwashe gadojin abokan gaba, in ya so ya toshe don mutanensa su haye da ƙafa. Amurkawa sun yi ta jefa bama-bamai da rokoki, amma kankaren ya yi kauri, ƙofofin kuma ƙanana ne ga mai hange daga sama. Sai aka tuna cewa a cikin jirgin ruwan Princeton, mai ɗauke da jiragen saman, akwai ragowar makamin nan na yaƙin duniya na biyu mai gudu a cikin ruwa, wanda aka yi don nutsar da jiragen ruwa, wato topido. Ranar 1 ga Mayu, 1951, jiragen Skyraider takwas suka tashi, kowane da topido ɗaya a ƙarƙashin ciki, suka bi ta tsakanin duwatsu, suka sake su a cikin tafkin. Shida suka fashe a jikin madatsar, ƙofa ɗaya ta tarwatse, wata ta lalace, ikon sarrafa ruwan ya kuɓuce wa masu riƙe da shi.

Ga mai haɗa jirgin kwaikwayo, wannan labari yana da sharuɗɗa. Skyraider na zamanin Koriya shuɗi ne mai duhu, mai sheƙi, alhali na sojan ruwa a yaƙin Biyetnam ruwan toka ne a sama, fari a ƙasa. Topidon kansa ya haura mita 4, nauyinsa kusan tan ɗaya, don haka a ma'aunin 1/48 bai kai santimita 9 ba. Akan kuma sa masa zoben katako a hanci don rage ƙarfin faɗawarsa cikin ruwa, saboda haka wanda ya shafa wa hancin launin ƙarfe ya ɓata zance.

Kafin Koriya, a yaƙin Kursk na watan Yuli 1943, Jamus da Tarayyar Sobiyet sun fuskanci tambaya guda: yaya jirgin sama zai fasa tanka? Jamusawa suka ɗauki tsohon jirginsu Ju 87, suka rataya masa igwa biyu masu bakin milimita 37, ɗaya a kowane fiffike, suka cire masa birkin iska da yake amfani da shi wajen sulalowa ƙasa, tunda yanzu ba bam zai jefa ba. Sobiyet kuwa suka bi wata hanya. Suka ƙera ƙananan bama-bamai masu nauyin kilo ɗaya da rabi, jirginsu Il-2 ya ɗauki 192 a tashi ɗaya, ya watsa su kamar mai yafa iri a kan jerin tankoki, domin saman tanka shi ne inda sulkenta ya fi rauni. Idan ka ajiye waɗannan jirage biyu kusa da juna a kan kanta, kana kallon tunani iri biyu ne: ɗaya ya dogara ga gwanintar matuƙi, ɗaya ya dogara ga yawan abin da aka zuba.

Kayan barkwanci

Soja ma mutum ne, kuma inda wahala ta yi yawa nan raha kan tsiro. Bayan sojojin ƙawance sun sauka Nomandi ta Faransa a watan Yuni 1944, an riƙa ɗaura gangunan giya a maratayan bam na jirgin Spitfire ana kai wa sojojin Ingila da ke fagen daga. A Koriya kuma, a 1952, rukunin nan da ya fasa madatsa ya ɗaure kwanon wanke-wanke na ɗakin girki a jikin wani babban bam ya jefa. Asalin abin wata maganar Turanci ce da ake yi wa wanda ya kwashe kayan gida kaf, a ce kwanon wanke-wanke kawai ya bari. Su kuma suka ce to, shi ma ba za su bari ba.

Wanda ya fi shahara shi ne na ƙarshen 1965. A jirgin ruwan Midway, a gaɓar Biyetnam, wani tangaran ɗin bayan gida ya lalace, za a jefa shi teku. Sai ma'aikatan rukunin VA-25 suka ɗauke, suka yi masa wutsiya irin ta bam da wurin ratayewa, suka maƙala shi a fiffiken dama na Skyraider mai lamba 572. Kwamanda Clarence Stoddard ne ya tuƙa jirgin ya jefa shi. Yanzu akwai kamfanonin da ke sayar da ɗan wannan tangaran dabam, bai fi ƙwayar gurjiya girma ba, kuma duk inda masu wannan wasa suka baje kolinsu, shi ne abin da ke tara jama'a.

Ni ma na haɗa wannan jirgi, na sassaƙa tangaran ɗin da guntun alli, kuma duk wanda ya shigo ɗakinmu sai ya yi dariya. Amma akwai abu biyu da nake gaya wa mai dariyar. Na farko, an yi wannan wasa ne don murnar cewa rukunin ya jefa bama-bamai masu nauyin laba miliyan 6, wato kimanin tan 2,700, kuma a ranar ma sauran maratayan jirgin cike suke da bam na gaske. Na biyu, shi Stoddard ɗin bai ƙara shekara guda ba, an harbo jirginsa a 1966 ya mutu. Saboda haka na rataya sauran bama-baman duka kamar yadda hoto ya nuna, ban bar tangaran shi kaɗai ba, don kada wani ya ɗauka wasan yara aka je yi.

Kayan rashi

Hausawa na cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A 1944, a Faransa, akwai wani Manjo Charles Carpenter na sojan Amurka, wanda malamin tarihi ne kafin yaƙi. Aikinsa leƙen asiri da wani ɗan jirgi L-4, mai jikin yadi da inji mai ƙarfin doki 65, ba shi da bindiga ko ɗaya. Da ya gaji da ganin tankokin Jamus yana wucewa, sai ya ɗaura bazuka shida a jikin sandunan da suka tokare fikafikan, uku a kowane gefe, ya riƙa kai musu hari. Wannan jirgi yana nan har yanzu, an gyara shi an ajiye a gidan tarihi a Amurka.

Shekara 25 bayan haka, irin wannan dabara ta bayyana a ƙasarmu, kuma a nan ne wasan ya daina yi mini sauƙi.

An fara yaƙin basasar Nijeriya a watan Yuli 1967, aka gama a watan Janairu 1970. Duka ɓangarorin biyu sun fara ne da abin da ya samu. Gwamnatin tarayya ta sa wa jiragen koyon tuƙi L-29 makamai, ta kuma yi amfani da jiragen fasinja wajen jefa bam, kafin ta dogara ga MiG-17 da Il-28 ƙirar Sobiyet. Biyafara ma ta loda wa wani jirgin fasinja Fokker bama-baman da aka haɗa a gida, ya tarwatse a sararin Legas a watan Oktoba 1967.

Sai ga wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, wanda a 1968 ya tuƙa jirgin kayan agaji zuwa filin Uli. Hare-haren jirage a kan farar hula sun ɓata masa rai, sai ya shawo kan shugabannin Biyafara su sayi wani ɗan jirgin koyon tuƙi na ƙasarsa, MFI-9B. Jirgi ne mai kujera biyu, injinsa ƙarfin doki 100, faɗin fikafikansa bai kai mita 7 da rabi ba, wato rabin na Skyraider. Aka sayo biyar, aka kai su Gabon a wargaje, aka haɗa su can, aka shafa musu koren fentin mota. A ƙarƙashin kowane fiffike aka rataya bututu ƙirar Faransa mai cin roka shida masu kaurin milimita 68, jimla 12 ke nan ga kowane jirgi. Matuƙan farko su biyar ne, uku 'yan Suwidin, biyu 'yan Biyafara.

Ranar 22 ga Mayu, 1969, suka taso dab da kan itatuwa suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal. Cikin kwanakin da suka biyo baya suka kai hari filayen Binin da Inugu da tashar lantarki ta Ughelli. Sun lalata jirage a ƙasa, ko da yake lissafin ɓangarorin biyu ya sha bamban game da yawansu. Ba a raina allura, ƙarfe ce. To amma labarin bai tsaya nan ba. Mako biyu daidai bayan harin Fatakwal, ranar 5 ga Yuni, wani MiG-17 na tarayya ya harbo jirgin agaji na Red Cross a kusa da Eket, kuma ƙungiyar ta dakatar da jigilar abinci, jiragen coci-coci kuwa suka ci gaba da shiga Uli da dare. Masu tarihi da yawa suna ganin hare-haren ƙananan jiragen na cikin abin da ya ƙara zafafa lamarin. A yaƙin da ake ƙiyasin ya ci rayuka fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu saboda yunwa, kowane jirgin abinci da bai sauka ba rayukan yara ne. Shi kansa von Rosen an kashe shi a Gode ta ƙasar Habasha a 1977, lokacin yaƙin Ogaden, yana aikin agaji.

Yadda na yi da nawa

Na ga ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage da idona a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, kuma gani ya kori ji: bai fi wata ƙaramar mota mai fikafikai ba. Da na dawo sai na ƙudura zan haɗa shi. Ban sami kwalinsa ba, don haka na yanko jikin daga farar roba, a ma'aunin 1/72, faɗinsa duka kimanin santimita 10. Bututun rokokin na yi su da tsinken alawa mai rami, bakin kowace roka kuwa bai kai milimita ɗaya ba a wannan ma'auni, da kan allura na ɗiga su.

Aikin hannun bai ba ni wahala kamar mutane biyu da suka gan shi ba. Ta farko kakata ce, wadda ta yi yaƙin tana budurwa, ta kuma binne ƙannenta biyu saboda kwashiyoko. Da na kai mata lokacin hutu, ta juya shi a tafin hannu, ta ce, “Ɗana, wannan ban san shi ba. Wanda na sani ƙararsa kawai muke ji, mai zuwa ranar kasuwa, mu watse cikin daji.” Jiragen tarayya take nufi. Na biyu abokina ne a aji, ɗan Arewa, wanda shi ke gyara mini karin sauti tun muna aji ɗaya. Ya daɗe yana kallon jirgin, sannan ya ce, “Abokina, ka san kakana soja ne? Ya tafi wannan yaƙi bai dawo ba, mahaifina ko kamanninsa bai sani ba.” Bai ce in fasa ba, bai kuma yi fushi ba, amma na gane cewa abin da nake kira gwaninta, a wani gida sunansa maraici.

Na yi kwanaki ina tunanin ko in sa shi cikin akwati in rufe. A ƙarshe abin da na yi shi ne, na nemo kwalin MiG-17 a ma'auni guda, na shafa masa launin sojan saman Nijeriya da tambarin kore-fari-kore, na ajiye su biyun a kan katako ɗaya. Sai a lokacin girman bambancinsu ya fito, domin MiG ɗin ya kusa ninka ɗan jirgin sau biyu a tsawo. A gaban katakon na manna takarda, na rubuta da Hausa sunan kowane jirgi, da abin da yake ɗauke da shi, da shekarar, da wuraren da aka kai hari. Abokin nawa ne ya duba mini rubutun, shi ya ce in rubuta “marataya” maimakon kalmar Turanci da na fara tunanin arowa, kuma shi ya ƙara layi na ƙarshe, inda aka faɗi yawan mutanen da ake ƙiyasin sun mutu.

Shawara ga mai son gwadawa

Idan wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai yana sha'awar wannan wasa, ga abin da zan ce. Da farko, kada ka rataya wa jirgi abin da ba ka ga hotonsa ko ingantaccen bayaninsa ba. Kasancewar jirgi yana da marataya 15 ba ya nufin kullum a cike suke, domin nauyi da nisan tafiya su ke yanke hukunci. Na biyu, ka haɗa kaya da lambar jirgi da shekara da launi su zama na rana ɗaya. Tangaran na jirgi mai lamba 572 ne a 1965, topido na shuɗin jirgi ne a 1951. Na uku, kada tsadar kwali ta hana ka. Tsinken alawa da bututun biro da wayar tsohuwar rediyo da alli duk kayan aiki ne, kuma yaron da ya iya motar kara ya riga ya ci rabin tafiya. Na huɗu, ka rubuta takardar bayani, ka kuma gwada rubuta ta da Hausa. A nan za ka ga inda ƙamus ya tsaya, inda kuma dole ka koma wurin masu harshe, makanikai da maƙera da tsofaffin sojoji, ka tambayi yadda suke kiran abu.

Kammalawa

Tun 2021 sojan saman Nijeriya ke amfani da jirgin A-29 Super Tucano, wanda shi ma farfela ɗaya gare shi, kuma aikinsa kai hari a ƙasa. Wata rana wani yaro a Kaduna ko Aba zai haɗa ƙaraminsa, ya tsaya yana shawarar abin da zai rataya masa. Fatana shi ne ya sami wanda zai gaya masa cewa kowane ɗan abu da ya manna a ƙarƙashin fiffiken an taɓa sakin irinsa a kan wani wuri mai suna, inda mutane ke zaune. Ni dai jirgi na gaba da nake tara kuɗin kwalinsa shi ne DC-7, irin wanda ya riƙa sauka Uli cikin duhu da madarar gari da busasshen kifi. Ba shi da marataya ko ɗaya, don haka zan bar ƙofar kayan a buɗe, in ɗinka ƙananan buhuna da tsumma in jera a ciki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.